Ƙarfen Bakin Hanya

Ni mutumin Bacirawa ne, nan arewa da birnin Kano, a ƙasar Ungogo, a kan hanyar Katsina. Wanda ya fito daga birni ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo, kafin ya kai Mil Tara da Dawanau, ta ƙofarmu ya ke bi. Sa'ad da na ke yaro gonaki ne ke kewaye da mu ta ko'ina, ba ka ganin saura ko ta shimfiɗa tabarma. Ga gero da dawa da gyaɗa da wake, ga ɗorawa da kuka tsattsaye a cikinsu, ga jakuna suna ta safarar taki daga birni da rani. Yau gidaje sun cinye yawancin gonakin nan, sai an miƙa gaba a ke ganin irin ƙasar da na tashi a ciki. Hanya ce kaɗai ta ke nan inda na san ta, sai ma ƙaruwa da ta yi, ta faɗi da motoci da gudu.

To, a kan wani abu na hanya na ke so in yi magana, wanda kowa ya san shi da ido, amma kaɗan ne suka san aikinsa. Shi ne dogon ƙarfen nan mai tudu biyu da kwari a tsaka, wanda a kan kafa a gefen hanya wajen gada, ko kwalbati, ko mugunyar kwana. Mu kan zauna a kansa mu jira mota. Mata su kan shanya tsumma, yara su ɗaure akuya, masu talla su jingina faranti. Ni na taɓa kafa shi da hannuna. Na ga ran da ya yi wa mutane rana, na kuma ga ran da ya zama mashi. A wannan rana ta biyu ina da nawa laifin, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ina saurayi, wata shekara bayan an gama kaka, aka zo neman leburorin aikin hanya. Na ba da sunana, aka sa ni cikin masu kafa shinge. Helumanmu wani dattijo ne wanda ya yi furfura a aikin hanya, muna ce masa Baba. Ran da aka sauke kaya daga mota, ni da wani muka ɗauki falle ɗaya mu biyu ba wata wahala. Na duba kaurinsa na ga bai kai milimita 3 ba. Na yi dariya na ce, "Baba, wannan ne zai tare mota? Ai ko jaki ya yi tutsu sai ya lanƙwasa shi. Me ya hana a gina katanga sosai, ta dutse?"

Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin mahauta za su kai bijimi mayanka?"

Na ce, "Sau da yawa."

Ya ce, "In san ya zabura, mai igiya tsayawa ya ke yi ƙyam kamar turke?"

Na ce, "A'a, bin sa ya ke yi yana tirjewa, yana sakin igiya kaɗan kaɗan, har san ya gaji ya juyo."

Ya ce, "In ya tsaya ƙyam fa?"

Na ce, "Ko igiya ta tsinke, ko shi ya karye, ko san ya karye."

Ya ce, "To, ka gama karatu. Ƙarfen nan shi ne mai igiya. Lanƙwasawar da ka raina ita ce aikinsa."

Sannu a hankali na gane maganar Baba sarai. Abin da ke kashe mutum a hatsarin mota shi ne tsayawa farat ɗaya. Ɗauki ƙwai ka sake shi a kan daɓe, sai ya fashe. Sake wani daga wannan tsayi a kan tarin ƙaiƙayi, sai ka ɗauki abinka lafiya. Faɗuwar ɗaya ce, tsayawar ce ta bambanta. Masana lissafi sun auna, sun ce motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abin da ba ya motsi, kamar ta faɗo ne daga tsayin mita 10, watau wajen bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 100, kada ka ce mita 20 ne. Kusan mita 40 ne, gama in gudu ya ninka biyu, ƙarfin duka ninkawa ya ke yi huɗu. Ko doguwar giginya ba ta kai wannan tsawo ba. Aikin shinge shi ne ya zama ƙaiƙayi ga mai irin wannan faɗuwa.

Ga yadda muka riƙa kafa shi. Turaku a kan fara girkewa, tsakanin kowane da ɗan'uwansa ƙafa 6 da inci 3, watau kusan mita 2, kowane kuma a nitsa shi wajen mita 1 cikin ƙasa, a daddaɓe. Tsakanin turke da falle a kan sa wani ɗan guntu wanda zai turo fallen gaba, don kada tayar mota ta harɗe da turke. Shi fallen tsawonsa kusan mita 4, faɗinsa wajen ƙafa 1. Inda biyu suka haɗu sai ɗaya ya hau ɗaya, a ɗaure da noti 8. Hawan ma da ƙa'ida. Wanda mota za ta fara tararwa shi ke zama a waje, ya rufe bakin na gaba, kamar yadda a ke jera shuci a jinka, na sama ya hau na ƙasa don ruwa ya zarce. Na taɓa juya wannan hawa bisa kuskure, Baba ya sa na kwance falle shida da tsakar rana, ya tsaya a kaina har na gama. Daga ƙarshe a kan ɗaure bakin shinge na farko da na ƙarshe da ƙasa tam, gama igiyar da ba a ɗaure bakinta ba ba ta riƙe kome.

Tsayi ma abin lura ne. Dā a kan sa shi wajen inci 27 daga ƙasa, amma da motoci suka ƙara tsayi aka koma inci 31, watau santimita 79. In ya yi ƙasa mota ta haura shi, in ya yi sama ƙaramar mota ta kutsa ta ƙarƙashi. Sa'an nan a bayansa dole a bar fili wajen mita 1, ba itace, ba rami, ba rumfa. Domin in mota ta buge shi, turaku su kan kwanta cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, fallen ya yi ciki ya ja 'yan'uwansa na gaba da na baya, dukansu su taru su riƙe, har gaban motar ya karkato ya bi tsawon hanya. Ka ga ke nan falle ɗaya ba ya tare mota. Jerin ne gaba ɗaya ke tarewa.

Shekaru suka shuɗe, aikin hanya ya ƙare, na koma gona. Wata rana cikin watan Agusta, ana marka, aka aiko mini cewa motar da ƙanena ya shigo daga Bici ta yi hatsari. Na hau babur jikina yana rawa. Da na isa sai na tarad da mota tsaye a kan kwalta, gefenta na dama a yage tun daga fitila har wutsiya. Tayar gaba ce ta fashe, sitiyari ya ƙwace wa direba, motar ta nufi bakin kwalbati. Ƙarƙashin kwalbatin kuwa rafi ne ya cika ya batse. Turaku biyar sun kwanta, ƙarfe ya tanƙware kamar baka, amma ko noti ɗaya bai saki ba. Mutum bakwai ke cikin motar, duk bakwai ɗin suka fito da ƙafafunsu. Na ji wani cikin 'yan kallo yana cewa, "Dubi aikin banza, ƙarfe kamar gwangwani, bugu ɗaya ya lotse." Na ce masa, "Malam, lotsewar nan da ka gani, da a ƙirjin mutanen nan za ta kasance."

Amma ga wani abin da na lura da shi ran nan. Direba ya ɗaura bel, ko ƙwarzane bai yi ba. Ƙanena kuwa an cusa su su biyu a kujerar gaba, ba mai bel, goshinsa ya daki gilashi, har yau tabon yana nan. Shinge mota ya ke tarewa, mutumin da ke ciki sai bel. Tun ran 1 ga Janairu, 2003, aka fara tilasta ɗaura shi a Nijeriya, amma har yau waɗansunmu sai sun hango ma'aikata su ke yafa shi kamar rawani.

Shingen hanya iri uku ne. Na farko shi ne na ƙarfe, wanda na faɗa. Na biyu na kankare ne, irin wanda a ke gani a tsakiyar manyan titunan Kano. Asalinsa daga jihar Niyu Jasi ta Amurka ne, inda aka fara kafa shi a 1955, aka yi ta ƙara masa tsayi har ya kai inci 32 a 1959. Gindinsa mai faɗi ne da gangare. Taya ita ke fara hawa, ta ɗaga motar kaɗan, sa'an nan motar ta karkata ta koma hannunta. Shi ba ya matsawa ko taki ɗaya, saboda haka mutanen ciki su kan ji jiki. Amma shi ya dace da tsakiyar hanya, inda babu filin lanƙwasawa, gama yana hana mafi munin hatsari duka, watau mota biyu su yi gaba da gaba. Na uku na igiyar ƙarfe ne, sili uku ko huɗu a miƙe a kan ƙananan turaku. Shi ya fi duka taushi, sai dai yana bukatar fili a bayansa, mita 2 ko 3. Mutanen Suwidin sun yi suna a kansa. A 1997 majalisarsu ta tsai da shawara cewa ba za su ƙara ɗaukar mutuwa a hanya abin da ba makawa ba. Daga 1998 suka fara raba tsakiyar hanyoyinsu na karkara da igiyar nan, mace-mace a waɗannan hanyoyi suka ragu da fiye da rabi.

Kada mai karatu ya zaci da ka a ke kafa waɗannan abubuwa. Kafin a yarda da wani irin shinge sai an gwada shi da mota ta gaske. A kan jawo motar da waya, ba mai rai a ciki sai na'urorin awo, a sake ta ta daki shingen ana ɗaukar hoto. A Amurka, bisa ƙa'idar da suka fitar a 2009, shingen babbar hanya a kan gwada shi da ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,100, da a-kori-kura mai kilo 2,270, kowace tana gudun kilomita 100 a awa, ta zo masa a kaikaice, a kusurwar digiri 25. Kafin a ce ya ci gwaji, sai motar ba ta keta shi ba, ba ta haura ba, ba ta kife ba, wani ƙarfe bai shiga inda mutane ke zama ba, girgizar kuma ba ta wuce abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka ba.

A cikin gwajin nan iyakar shinge ta ke, kuma iyakar ce ya kamata kowane direba ya sani. Ta farko kusurwa. Motar da ta zo a digiri 25, abin da ke sauka a kan shinge bai kai kashi 1 cikin 5 na ƙarfinta ba, sauran yana tafiya ne tare da hanya. In kuwa ta zo masa kai tsaye, kamar rago mai karo, duka ya ke sha, ba kuwa don haka aka yi shi ba. Ta biyu nauyi. Tirela gwajinta dabam ne, kilo 36,000, gudun kilomita 80, a kusurwar digiri 15 kaɗai. Nauyin nan ya ninka na ƙaramar motar gwaji fiye da sau 30, kuma shingen da ke cin wannan gwaji yawanci kankare ne mai tsayi fiye da mita 1. Siririn ƙarfen da muka saba gani ba sa'an tirela ba ne. Ta uku tsayin kaya. Babbar motar da aka yi wa lodi buhu kan buhu har ta yi tozo, ga mutane zazzaune a sama, ko shinge ya tare tayoyinta, saman sai ya rinjaya ya kife ta baya. Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi haka abin ya ke. A watan Oktoba, 2023, masu bincike na Jami'ar Nebaraska suka gwada wata a-kori-kura mai aiki da lantarki, ƙirar Rivian, wadda nauyin batir ya sa ta haura tan 3. Ta keta shingen ƙarfe irin wanda ya ci gwajin da na faɗa, ta wuce abinta, da ƙyar gudunta ya ragu.

Mai babur kuma nasa sha'anin dabam ne. In ya faɗi ya silale a ƙasa, ta ƙarƙashin fallen ya ke bi, turakun da ke ceton mai mota su ne ke jiransa. Don haka a Sifen da Faransa a kan ƙara wani faranti a ƙasa ya rufe turakun a miyagun kwanoni.

Yanzu ga nawa laifin. Akwai wani lambatu tsakanin gidana da 'yar gonar da ta rage mini, da damina ya kan hana ni ƙetarewa da baro. Wata rana da almuru wani mai tura kurar gwangwan ya tsaya a ƙofata, ya yaye buhunan da ya rufa, sai ga fallen ƙarfen hanya guda, miƙaƙƙe sambal. Ya ce wai wanda mota ta buge ne aka yar. Ni kuwa na san ƙarya ya ke yi. Wanda mota ta buga ba ya miƙewa haka, ga ramukan noti garau, ga sabon sawun sufana. Duk unguwarmu ba wanda ya fi ni sanin wannan. Amma kuɗin da ya yanka bai kai na katako biyu ba, ga tsawonsa daidai da lambatun, har tayar baro za ta bi ta kwarin tsakiya kamar don ita aka yi shi. Na ce a raina ai an riga an kwance, in ban saya ba wani zai saya. Na biya. Uwargidana ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ba irin wanda ka ce ya ceci ƙanenka ba ne?" Na ce mata ta koma wajen tukunyarta.

Bayan kamar wata huɗu, cikin hunturu, da asuba ga hazo ya rufe gari, wata ƙaramar mota ɗauke da fasinja ta saki hanya a kusa da wata kwalbati gaba da mu. Inda ta bugi shinge, falle ɗaya ba ya nan, an kwance. Ta fara gogar wanda ke kafin giɓin. Shi kuwa da ya ke ba abin da ke riƙe da shi ta gaba, sai ya buɗe kamar ƙyaure. Gaban motar ya faɗa cikin giɓin, ya yi karo da bakin falle na gaba, tsirara, ba abin da ya rufe shi. Ƙarfen ya shiga ta wajen fitila, ya ratsa inda mutane ke zaune, ya fita ta kujerar baya. Gudun motar bai kai na wadda ƙanena ke ciki ba, amma mutum biyu suka rasu nan take. Ɗayansu ɗan maƙwabcina ne, yaron da na ci goron sunansa.

Da jama'a suka watse na tsaya na auna giɓin da taki. Daidai ya ke da abin da ke kwance a kan lambatuna. Fallayen nan duk tsawonsu ɗaya ne, saboda haka awon nan ba zai kama ni a gaban alƙali ba. Amma ko daga nan aka kwance nawa, ko daga wani wuri, duk inda aka kwance shi an bar baki irin wannan yana jiran ɗan wani. Na yi zaman makoki kwana uku, ana miƙo mini hannu ana yi mini ta'aziyya a matsayin maƙwabci, ni kuwa ba na iya duban idon uban yaron.

Masana aikin hanya sun daɗe da sanin cewa bakin shinge ya fi ko'ina a jikinsa mugunta. Da fari haka a ke barinsa tsirara, ya yi ta soke motoci. Sai aka koma lanƙwasa shi a binne a ƙasa, shi kuma ya zama matakala, mota ta hau shi ta tashi sama ta kife. Daga baya aka ƙirƙiro masa kai mai faɗi. In mota ta daki kan nan sai ya zame tare da ita, yana murje fallen yana tura shi gefe, gudun yana mutuwa a hankali. To, duk wanda ya kwance falle a tsakiyar jeri, ya yi wa shingen sabon baki wanda ba shi da kai, ya kuma tsinke igiyar mai riƙe da bijimi. Ko gajartar shinge kaɗai ta isa ta jawo masifa. A Ingila, ran 28 ga Fabrairu, 2001, barci ya ɗauke direban wata Land Rover kusa da garin Selbi. Motar ta saki hanya gab da inda shingen gada ya fara, ta gangara ta tsaya a kan hanyar jirgin ƙasa. Jirgin fasinja ya buge ta ya kauce, ya yi karo da jirgin kaya, mutum 10 suka mutu.

Mu ma a Kano mun ɗanɗana. Ran Asabar, 31 ga Mayu, 2025, wata bas ɗauke da 'yan wasan Jihar Kano da jami'ansu, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun, ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya, wajen Ciromawa da Dakatsalle, saura ƙiris su iso gida. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu matasa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ce ana zaton gajiya ce da gudu, bayan doguwar tafiyar dare. Gajiya da barci da fashewar taya ba za su ƙare a duniya ba, don su ma aka yi shinge. Shi ya sa Turawa su ke gwada shingen gada da bas mai tan 13, gama gada wuri ne da ba a yin kuskure sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 ba abin da ya kai hatsarin hanya kisa.

Ran da aka yi sadakar uku na ɗauke ƙarfen daga kan lambatu, ni da ɗana, muka kai ƙofar mai unguwa. Na durƙusa na yi gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, kayan sata na saya ina sane, ga shi na kawo." Ya daɗe yana duban ƙarfen, kana ya ce, "Malam, da kowa zai kawo nasa, da ƙofar nan ta cika." Ya aika wa ma'aikatan hanya, aka zo aka toshe giɓin. Ya kuma sa aka yi shela a unguwa kada wanda ya ƙara sayen ƙarfen hanya, kome araharsa. Masu sana'ar gwangwan na kirki, waɗanda su ne suka fi yawa, su suka fi kowa murna, gama ɓata-gari sun daɗe suna shafa musu baƙin jini. Lambatuna kuwa na shimfiɗa masa azara uku, baro yana wucewa lafiya.

Uban yaron sai bayan arba'in na iya samunsa na gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na karɓi yafiyarsa da godiya, na kuma san gaskiya ya faɗa. Amma a garin nan ba wanda ke haƙa rijiya ya bar bakinta ba gini, ya ce wanda ya faɗa kwanansa ne ya ƙare. Wanda kuwa ya zo da dare ya kwashe tubalin bakin rijiya, da wanda ya saya a hannunsa, kowa ya san sunan da za a kira su da shi.

Saboda haka, ya ɗan'uwana mai karatu, ga abin da na ke roƙonka. Kada ka sayi ƙarfen hanya, ko falle, ko turke, ko noti, gama ɓarawo ba ya kwance abin da ba shi da mai saye. In ka ga shingen da mota ta riga ta buge, ko wanda zaizayar damina ta tone gindin turakunsa, ka gaya wa mai unguwa, ko ka kira masu kiyaye haɗurra a lamba 122. Shinge kamar tsinken ashana ya ke, wanda ya kama sau ɗaya sai a sake wani. Kada ka kafa rumfa ko teburin talla a bayansa, kada ka bar yara su zauna a wurin, filin nan nasa ne na lanƙwasawa. In kuwa kai direba ne, ka tuna dokar ƙasarmu ta ce ko a babbar hanya mai tagwayen hannu ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa, bas da motar haya 90, tirela da tanka 60. Wanda ya wuce kilomita 100 ya wuce abin da aka gwada ƙarfen a kansa.

Ni dai har yau, duk ran da na bi ta kwalbatin nan a kan babur, na kan rage gudu in ƙidaya notin da ke mahaɗar fallayen. In na same su takwas takwas, sai in wuce. Allah ya kai matafiya gida lafiya, amin.